Yadda Ake Zaɓen Mazubi da Zuba Manyan Ƙwayoyin Harsashin Farauta a Gida

Ƙananan ƙwayoyin harsashi, irin na harbin tsuntsaye, ba a zuba su ɗaya bayan ɗaya. Tun 1782 wani Bature ɗan garin Biristol a Ingila, William Watts, ya yi rajistar dabarar tsiyayo narkakkiyar dalma ta cikin rariya daga saman doguwar hasumiya, tana saukowa tana dunƙulewa a iska, ta faɗa cikin ruwa ta zama ƙwaya. Amma dabarar tana da iyaka. Idan ɗigon ya cika girma ba ya samun daskarewa kafin ya iso ƙasa, sai ya baje ko ya fito kamar ƙwai. Shi ya sa manyan ƙwayoyi na harbin manyan namun daji ko dai a matse su da inji a masana'anta, ko a zuba su a mazubi, wanda wasu ke kira mol. Hanya ta biyun ita ce mutum zai iya yi da hannunsa.

Kafin ka sayi ko da ludayi, ka san dokar ƙasar da kake. Akwai ƙasashen da mai lasisin bindigar farauta yake da damar haɗa harsashinsa, akwai waɗanda yin haka babban laifi ne ko da kana da lasisin, ɗauri ake yi a kansa. Akwai kuma dokar dalmar kanta: Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayar dalma tun 1991, jihar Kalifoniya ta hana duk wata farauta da dalma daga 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu da gefen ruwa daga 2023. Idan doka ba ta ba ka hanya ba, maganar ta ƙare a nan.

Girman ƙwaya kafin komai

Mutane da yawa suna fara tambayar wane kamfani ya fi iya mazubi. Tambayar farko ita ce wace ƙwaya kake so, domin kowane mazubi girma ɗaya yake fitarwa, ba a ƙara shi ba a rage shi.

A lissafin Amurka, lamba tana raguwa ƙwaya tana girma. Lamba 4 kaurinta milimita 6.1 ne, nauyinta kusan giram 1.3. Lamba 1 milimita 7.6, giram 2.6. Sai 00, wadda aka fi sani, milimita 8.4, kusan giram 3.5. Babbar yaya a cikin waɗannan ita ce 000, milimita 9.1, giram 4.5. Ingila da ƙasashen da ke bin tsarinta haruffa suke sa wa: SG tana daidai da 00, LG tana kusa da 000, SSG kuma milimita 6.8 ce. Ka kula da wannan idan kana saye daga nesa. Ka kuma kula cewa lamba 4 ta manyan ƙwayoyi daban take da lamba 4 ta harbin tsuntsu, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ga abin da ya sa 00 ta yi farin jini. Ramin bindiga mai lamba 12 faɗinsa kusan milimita 18.5 ne. Idan ka jera ƙwaya uku masu milimita 8.4 kamar duwatsun murhu, faɗin da suke ci ya ɗan haura milimita 18, sai su zauna daram. Hawa uku, ƙwaya 9. A bindiga mai lamba 20 ramin milimita 15.6 ne, ukun nan ba za su jeru ba, don haka a can ƙananan ƙwayoyi ake sa wa, galibi lamba 3. Ƙwaya tana bin ramin bindiga ne da irin kwanson da za ta shiga, ba ta bin son zuciyar maharbi. A ganina mai farawa ya ɗauki 00 ko lamba 1. Lamba 4 tana da daɗin harbi, amma harsashi ɗaya yana cin 27, kuma kowace sai ka yanke mata cibiya, wato ragowar dalmar da ke maƙale da ita daga zubi, da hannu. Za ka gane abin da nake nufi idan yatsunka suka fara sagewa.

Wane irin mazubi

Ƙarfe uku ake yin su da shi. Na alminiyam ba shi da nauyi, yana saurin ɗaukar zafi, ba ya tsatsa, shi ne mafi sauƙin kuɗi. Aibinsa biyu: yadda yake saurin zafi haka yake saurin hucewa, kuma yana da laushi, ƙaramin bugu sai ya yi masa tabo. Na baƙin ƙarfe yana jinkirin zafi, amma idan ya ɗauka ya riƙe, kuma yana iya kai wa jikoki idan an kare shi daga tsatsa. Na tagulla yana fitar da ƙwaya mai kyau, yana riƙe zafi, sai dai nauyi da tsada. Bayan awa guda kana ɗagawa kana ajiyewa wuyan hannunka zai ba ka labari.

Sai yawan ramuka. Akwai mai rami ɗaya ko biyu, irin wanda kamfanoni kamar Lyman ke yi na dunƙulallen harsashi. Yana da marfi a sama wanda ke yanke cibiya da kansa idan ka ture shi, ƙwaya ta fito tsaf. Kyau kam akwai, sauri ne babu. Kilo ɗaya na dalma yana ba da 00 wajen 285, ka lissafa sau nawa za ka buɗe ka rufe. Ɗaya nau'in shi ne mai ramuka da yawa, kamar na kamfanin Lee mai rami 18, wanda ke fitar da ƙwayoyin a sarƙe, uku-uku kamar tsakiya a zare, layi shida. Zubi ɗaya ka samu na harsashi biyu. Ladan saurin kuwa shi ne zaman yanka daga baya, kuma cika shi yana da wuyar sha'ani, don dalmar sai ta ratsa rami na farko da na biyu kafin ta kai na ƙasa, ba tare da ta daskare a hanya ba.

Idan mazubin yana hannunka, rufe shi ka ɗaga shi wajen haske. In ka hango haske ta tsakanin ɓangarorin biyu, ajiye shi. Dalma za ta bi wannan kafar, kowace ƙwaya ta fito da fiffike a kugunta. Duba ƙusoshin da ke saita ɓangarorin, su shige raminsu ba tare da girgiɗi ba. Duba mariƙin, ya kasance na katako kuma dogo. Wasu mazuban ana sayar da mariƙinsu daban, ka tambaya kada kaya su iso ka tarar ba abin riƙewa.

Dalmar da za ka narka

Zallar dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, kuma tana da laushi har farce yana iya karce ta. Ƙwaya mai laushi tana lanƙwashewa lokacin tashin harbi, lanƙwasasshiyar ƙwaya kuwa ba ta tafiya a miƙe, sai ta fanɗare ta bar 'yan uwanta. Don haka ake son a samu ɗan antimoni, wani irin ƙarfe da ake gauraya wa dalma, a ciki don tauri, da ɗan kuza, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wanda ke sa ruwan dalma ya kwanta ya cika kowane lungu na rami.

Tsofaffin gudajen da ake maƙalawa a bakin rim don daidaita tayar mota sun daɗe suna yi wa masu zubi wannan aikin, don da ma haɗinsu ke nan. Matsalar ita ce yanzu da yawansu tutiya ce ko ƙarfe. Na ƙarfe ba ya komai, zai taso sama ka kwashe. Tutiya ce annoba. Kaɗan daga cikinta in ta narke a tukunya, dalmar za ta yi kauri ta yi gudaji-gudaji, ta ƙi cika rami, kuma ba ka da yadda za ka yi da ita cikin sauƙi. Gwada kowane guda da filaya mai yanka: dalma tana lotsawa, tutiya tana ƙi. Wasu an rubuta Zn, alamar tutiya, a jikinsu. In ka jefa a siminti, dalma tana faɗuwa tim, tutiya tana yin ƙara. Kuma da yake tutiya sai ta kai digiri 420 take narkewa, idan ka tsare wutarka ƙasa da 400, wadda ta ɓuya za ta taso tana yawo a sama ka tsame ta.

Batirin mota kuwa kada ka kusance shi. Bayan ruwan asid ɗin da ke ciki, haɗin farantansa yana barin datti wanda idan ya sha danshi yake fitar da iska mai guba. Ɗan abin da za ka samu bai kai ranka ba.

Tarkacen dalma a fara narka shi a wata tukunya daban, a tsabtace, a zuba shi ƙananan sanduna. Tsabtatattun sandunan ne kaɗai ke shiga tukunyar zubi.

Wurin aiki da kayan jiki

A waje ake yi, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke wucewa tana ɗauke hayaƙi daga fuskarka. Ba a ɗakin girki ba, ba kusa da inda yara ke wasa ba. Tukunya ta zama ta baƙin ƙarfe ko ta lantarki da aka yi don wannan aikin. Kada ka narka dalma a tukunyar alminiyam, zafi da nauyi suna iya sa gindinta ya zube. Duk tukunya, cokali ko ludayin da ya taɓa dalma ya yi bankwana da abinci har abada, ka yi masa alama.

Tabarau na kariya, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu da wando na auduga, takalmi rufaffe, ƙafar wando ta sauko ta rufe bakin takalmin. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata.

Yanzu maganar da ta fi duk sauran nauyi: ruwa. Ɗigon ruwa idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, ya watso abin da ke tukunyar sama. Na taɓa ɗauko sandar dalma da ta kwana a waje, na shafa na ji ta bushe, na saka. Ashe akwai raɓa a cikin wani ɗan tsagi. Ƙarar kamar an fasa kwalba, kuma da na ɗaga kai sai ga dalma ta manne a rufin rumfa kamar an watsa azurfa. Tabarau ne ya cece ni, har yau akwai ɗigo biyu a jikin gilashinsa. Tun daga ranar duk abin da zai shiga tukunya, sanda ce, ludayi ne, cokali ne, sai ya yi minti kaɗan a gefen wuta ya gasu. In hadari ya taso, a kashe wuta. Gumi ma a kula da shi, ɗaura ƙyalle a goshi.

Gubar dalma kuma ba ta zuwa da ƙara. Yawanci ta hannu take shiga baki, ko ta ƙurar dattin da ake kwashewa. Ba ci, ba sha, ba taba a wurin aiki. Yara da masu juna biyu su yi nisa, don su ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, illar kuma ba ta gyaruwa.

Shirya sabon mazubi

Sabon mazubi yana zuwa da man masana'anta a jikinsa, kuma mai ko kaɗan ne a cikin rami yana sa ƙwaya ta yamutse. Wanke shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe ƙayau, sannan ka gasa shi don sauran danshi ya fita. Kunna ashana ko laita ka bi ramukan da harshen wutar har su yi ɗan baƙin hayaƙi, siriri kawai. Yana taimaka wa ƙwaya ta saki. Kada ka yi da kyandir, hayaƙinsa yana da maiƙo. Idan mazubin ya yi zafi, ɗan taɓa kakin zuma a kan ƙusoshin saiti da mahaɗar marfi. Kaɗan ƙwarai. In ya gangara cikin rami ka koma wanki.

Zubin kansa

Narka dalma ka kai ta tsakanin digiri 370 da 400. Idan ma'aunin zafinka na Farenhait ne, 700 zuwa 750 ke nan. Mazubi mai ramuka a sarƙe ya fi son gefen sama na wannan zafin. Babu amfanin wucewa can sama, dalma tana ƙara yin datti, kuma in ta doshi 500 tururinta yana yawaita a iskar da kake shaƙa. Sayi ma'aunin zafi, ya fi kintace.

Jefa ɗan garin katako busasshe ko kakin da bai wuce ƙwayar wake ba, ka motsa har ƙasa kana kankare gefen tukunya. Zai yi hayaƙi, wani lokaci ya kama da wuta, kada ka firgita. Datti zai taso ya yi toka-toka, ka kwashe da cokali ka zuba a gwangwani mai murfi. Saman dalmar zai koma kamar madubi.

Duk wannan lokacin mazubin yana kan gefen tukunya ko kan faranti mai zafi yana gasuwa. A nan ne yawancin masu farawa suke karaya. Sukan zuba sau uku, su ga ƙwayoyi rabi-rabi, su ce mazubin jabu ne. Ba jabu ba ne, sanyi yake ji. Tukunya tana iya kai zafin da ake so, amma in mazubi bai gasu ba, dalma tana taɓa shi take daskarewa.

Rufe shi gam, ka ɗan karkata shi, ka zuba da ludayi a tafi ɗaya ba tare da tsayawa ba, har dalma ta cika ta taru a sama. Wannan tarin na sama yana da aiki: ƙwaya tana tsukewa idan tana hucewa, tana janyo ƙari daga can, in babu shi sai ta bar rami a cikinta. Zuba ido a kansa. Cikin daƙiƙa kaɗan za ka ga ƙyallinsa ya dushe, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ƙara ƙirga uku ko huɗu. In mai marfi ne, ture marfin da sandar katako. Buɗe mazubin a kan tsohon tawul busasshe da aka ninka, don ƙwaya mai zafi tana da laushi, in ta faɗa kan abu mai tauri za ta lotse. In ta ƙi saki, ƙwanƙwasa mahaɗar mariƙin da sandar. Jikin mazubin ba a dukansa, kuma ba a sa tsinin wuƙa ko ƙusa a rami don ɓanɓaro ƙwaya. Tabo ɗaya, duk ƙwayar da za ta fito daga ramin nan har abada da shi za ta fito.

Zubi biyar zuwa goma na farko ka ɗauke su a matsayin na ɗumama mazubi. Daga nan ƙwayoyin da kansu za su riƙa gaya maka halin da ake ciki. Mai tamoji kamar fatar tsoho, ko wadda ba ta cika ba, sanyi ne ko mai. Ƙara sauri, ko ƙara wuta kaɗan. Mai fari-fari, garas-garas kamar an barbaɗa mata gari, zafi ya yi yawa. Wannan ba ta lalace ba, tana aiki, amma alama ce ka sassauta, ka bar mazubin a buɗe ya sha iska. In ka ture marfi ka ga dalma ta shafe a kansa kamar man shanu, ka yi gaggawa, ba ta gama daskarewa ba. Mai fiffike kuma, ko ba ka matse mariƙi ba, ko wani ɗan ɓurɓushin dalma ya maƙale a fuskar mazubin ya hana shi rufuwa. Goge shi da tsinken katako tun yana da zafi.

Abin da ake nema shi ne kari ɗaya, kamar na masu daka: zuba, jira, buɗe, rufe, zuba. Idan ka kama karin, zafin mazubi yana tsayawa wuri ɗaya, ƙwayoyi su riƙa fitowa kamar tagwaye. Ka tsaya amsa waya na minti biyu, ka dawo farko.

Wasu suna sakin ƙwayoyin kai tsaye cikin bokitin ruwa don su ƙara tauri. Yana aiki idan akwai antimoni a haɗin, zallar dalma kuwa ko a jikinta. Ni ban ba mai farawa shawarar haka ba, saboda abin da na faɗa a kan ruwa. Wanda ya nace, bokitin ya kasance a bayansa, nesa da tukunya, kuma duk abin da ya jiƙe ba ya komawa wuta ranar.

Yanka, tacewa, aunawa

Bayan sun huce, zauna da ƙaramar filaya mai yanka, irin mai lafaffen baki ta masu gyaran rediyo, ka riƙa yanke cibiya dab da jikin ƙwaya. Ragowar ka tara don zubi na gaba. Ɗan tabon da ya rage yana kwantawa idan ka zuba ƙwayoyin a gora mai ƙarfi ko injin jujjuyawa, ka sa ɗan garin girafait, irin abin da ke bakin fensir, su yi ta gogar juna. Za su fito baƙaƙe, sumul, ba sa manne wa juna.

Gangara su a kan faranti mai santsi da ka ɗan karkata. Mai kyau tana tafiya a miƙe, gurguwa tana kwana. Ɗauki goma-goma ka auna a ƙaramin sikeli, ka gwada kaurin wasu. Wadda ta fi sauran rashin nauyi sosai akwai iska a cikinta, ta koma tukunya. Kada ka yi mamaki in nauyin bai zo daidai da na takarda ba: haɗin da ke da antimoni da kuza ya fi zallar dalma rashin nauyi kaɗan. Rubuta nauyin da ka samu a jikin gwangwanin, domin wanda zai ɗura harsashi da nauyi yake aiki, ba da ƙirga kaɗai ba. Ɗurin kuwa fanni ne daban, ana bin littafin da masu yin albarushi suka gwada suka wallafa, kwanso da ƙwaya da komai yadda aka rubuta, ba a musanya ko ɗaya da ka.

In ka tashi, bar ɗan dalma a gindin tukunya don narkin gaba ya yi sauri. Mazubin baƙin ƙarfe a shafa masa mai bayan ya huce, a tuna za a wanke man kafin zubi na gaba. Na alminiyam a rufe shi a ajiye a busasshen wuri inda wani ƙarfe ba zai faɗo masa ba. Gwangwanin datti a rufe, kada ruwa ya taɓa shi, a kai inda ake karɓar shara mai guba ko wurin masu sayen tsohuwar dalma. Share wurin da jiƙaƙƙen tsumma bayan komai ya huce, tsintsiya tana tayar da ƙura. Kayan da ka sa a wanke su daban da na iyali, kai kuma ka wanke hannu da fuska da sabulu, har ƙarƙashin farce, kafin ka ɗauki yaro ko ka kai loma baki.